Tambayi Likita: "An ce akwai jakar ruwa a ƙwaƙwalwarsa"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka taru min kusan duk hanya ɗaya suka biyo, an yi wa mutum hoton kai, an miƙo masa takarda cike da turancin likitoci, ido ya faɗa kan kalmar "sist", wato jaka ko ƙullutu, shikenan gida ya rikice. To na tsinto guda bakwai na jera su wuri ɗaya, don sai an jera su ake gane cewa abin da muke kira "ruwa a ƙwaƙwalwa" ba abu ɗaya bane ko kusa. Sunaye na cire su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka min. Maigidana ne ya faɗi a mashin wata biyu da suka wuce, ya bugu a kai amma bai suma ba, aka ce a yi CT aka yi, sakamako ya fito wai ba jini ba karaya amma akwai araknoid sist a ɓarin hagu, santimita 3. Tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba wlh, surukata tace buguwar ce ta tara masa ruwa, ƙanwarsa kuma ta duba a waya tace ƙari ne irin na ciwon daji, shi ko gogan yana ta zuwa kasuwarsa ko a jikinsa. Likitan da ya ganshi yace ba komai a barshi, to ta yaya za'a ce akwai abu a kan mutum kuma ace a barshi? Wata uwargida daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare gaba. Bari in fara da ƙanwar tasa don ita ta fi tada miki hankali: ba ciwon daji bane, baya komawa ciwon daji, baya yaɗuwa wani wuri.

Kinga ƙwaƙwalwa ba a tsirara take cikin ƙoƙon kai ba, riguna uku ne a jikinta. Ta waje mai kauri ce kamar jemammiyar fata, tana manne da ƙashi. Ta can ciki siririya ce lafe da naman ƙwaƙwalwar. Ta tsakiya ita ce araknoid, sunan daga Girkanci ne, gizo-gizo yake nufi, saboda zaruruwanta kamar saƙar gizo suke, wato dai kowannenmu da yanar gizonsa a ka tun kafin a kawo intanet. Rigunan nan su ne sanƙarau ke kumburawa in ya kama mutum. Ƙarƙashin ta tsakiyar akwai ruwa garai-garai da ke yawo, in kika ganshi a sirinji zaki rantse ruwan famfo ne, jiki na yin kusan rabin lita kullum yana kuma tsotsewa, wanda ke tsaye a lokaci guda wajen mililita 150 ne. To araknoid sist wuri ne da rigar tsakiyar ta rabu gida biyu, yawanci tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, ruwan ya shige tsakani ya zauna kamar yadda ruwa ke maƙalewa tsakanin leda biyu. A bayan ƙwaƙwalwa take ba a cikin namanta ba, sai dai ta ɗan tura ta gefe, ita kuma ƙwaƙwalwar tunda da abin ta girma ta riga ta saba.

Ba sabon abu bane, wani likitan Landan Richard Bright ya bayyana ta tun 1831. Kuma ba abu ne mai wuyar samu ba, a Jami'ar Michigan ta Amurka an duba hotunan MRI na dubban mutane, a rahoton 2010 aka samu kashi 2.6 cikin 100 na yara suna da ita, a na 2013 kashi 1.4 na manya, mafi yawansu don wata lalura daban aka yi musu hoton. Ta fi yawa a maza, kuma kusan rabi a gefen kai take zama wajen saitin kunne zuwa ido, ɓarin hagu ya fi dama. Kinga maigidanki ya cika duka ukun. Ni a ganina ya shekara talatin ko arba'in da kayarsa, faɗuwar mashin ce kawai ta tona asiri.

Maganar surukarki ba shirme bace gaba ɗaya, buguwa kan tara ruwa ko jini ƙarƙashin rigar waje, amma wannan siffarsa daban, shimfiɗe yake kamar jinjirin wata yana bin ƙashi, ita kuwa jakar dunƙule take da iyakarta tsaf. Akwai wata shaida kuma da zaki iya cewa a nuna miki a hoton: sau da yawa ƙashin da ke kan jakar zaki ga ya yi siriri ko ya ɗan bulluƙo waje, aikin shekaru ne wannan, buguwar wata biyu bata lanƙwasa ƙashi haka.

Dalilin cewa a barshi: a manya da wuya ta ƙara girma, wadda ke girma yawanci a yara ƙanana ne 'yan ƙasa da shekara 4 ko makamancin haka, kuma buɗe kai ba wasa bane, yana da nasa haɗarin na jini da ƙwayar cuta da farfaɗiya. In abu bai dame ka ba a bar kaza cikin gashinta. Sai dai abu ɗaya nake so ki riƙe da kyau, masu jaka a gefen kai sun fi sauran mutane saurin samun zubar jini ƙarƙashin rigar waje bayan buguwa ko da 'yar ƙarama ce, kuma jinin kan taru a hankali, sai bayan sati uku, shida, har wata biyu zuwa uku alamu su fito. In kika ga ciwon kai na ƙaruwa kullum, ko amai, ko yawan barci, ko magana na harɗewa, ko yana jan ƙafa, ko halinsa ya canja, kar a jira gari ya waye. Kuma a sai masa hular kwano, ya saka ta a ka ba ya rataye a hannun mashin ba.

TAMBAYA: Likita ni ɗaliba ce, shekara uku ina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya, in ya tashi bana son haske bana son hayaniya har amai nake, ya fi tashi lokacin al'ada. MRI ya nuna ƙaramar araknoid sist a ƙeya. Ina so a cire ta in huta, ina zan je? Daga Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa abin da kika zayyana min hoton ciwon ɓarin kai ne sak, wanda muke kira maigiren, kuma mata da yawa da babu komai a hotonsu suna fama da irinsa. Jakar da ke kawo ciwon kai na gaske ita ce wadda ta danne wani abu ko ta tare hanyar ruwa, ciwon nata ya fi tsanani da asuba ko in an sunkuya ko an yi tari, yana ƙaruwa wata bayan wata, kuma in likita ya leƙa bayan ido da fitila yakan ga jijiyar gani ta kumbura. Naki kuwa zuwa yake ya tafi yana bin kwanan wata. Ina tsoron a buɗe miki kai a banza ki farka da ciwonki yana nan inda kika barshi. Kije a duba bayan idon, in lafiya lau ne ki nemi a ɗora ki kan maganin maigiren na gaskiya, ki rage shan farasitamol da su kullum-kullum don yawan shansu shi kansa yana riƙe ciwon kai.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Shekarata 36, kusan shekara biyu kenan wani zafi ke fizgata a kumatun dama kamar shokin ɗin lantarki, in ina alwala ko asuwaki ya fi tashi, har haƙora biyu aka cire min bai daina ba, kunnen ɓarin ma ya fara rage ji. CT yace araknoid sist a kusa da jijiyar kunne, na tara kuɗi na yi MRI shi kuma yace efidamoid. To wanne ne ke ƙarya a cikinsu? Wani malamin makaranta daga Azare.

AMSA: Malam babu mai ƙarya, ɗaya ne idonsa ya fi kaifi. Wannan ita ce tambayar da na fi so a makon nan don a nan ne ake yawan yi wa rogo kallon kitse.

CT nauyin abu kawai yake aunawa, ƙashi fari, iska baƙi, ruwa duhu-duhu. Efidamoid da araknoid duk duhu suke fitowa, wuri ɗaya kuma suke son zama, wannan lungun da ke tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da jijiyoyin kunne da fuska, a can ne kusan rabin efidamoid ke tsirowa. Har a MRI ɗin ma, hotuna biyun farko da ake kira T1 da T2 suna iya nuna su kamar tagwaye. Inda asiri ke tonuwa hotuna biyu ne. Na farko FLAIR, shi an tsara shi ne ya kashe hasken duk wani tsabtataccen ruwa, to araknoid sist sai ta yi baƙi ƙirin kamar sauran ruwan kai, efidamoid kuwa bata mutuwa duka, sai ta fito da dauɗa-dauɗa kamar ruwan wanke-wanke. Na biyu DWI, shi kuma yana auna yadda ruwa ke sakewa ya yi yawo a cikin abu. A araknoid ruwa ne a randa, yana yawo son ransa, hoton ya fito baƙi. A efidamoid ruwan a maƙale yake kamar a cikin curin fura, sai ta haska fari fat kamar an kunna ƙwan lantarki. Ka duba takardarka, in kaga an rubuta cewa ta haska a DWI to magana ta ƙare, MRI ke da gaskiya. Duk wanda zai biya kuɗin MRI saboda sist ya tabbatar za'a yi masa DWI da FLAIR, in babu su rabin aiki aka yi.

Ita efidamoid ba ruwa bane ma a cikinta. 'Yan ƙwayoyin fata ne suka ɓata hanya suka maƙale a ciki lokacin da ake halittar ƙwaƙwalwa, tsakanin sati na 3 zuwa na 5 na ciki, kuma fata duk inda take aikinta saɓa, to tana ta saɓa babu inda zata zubar, shekara da shekaru yana taruwa, shi yasa sai mutum ya kai ashirin zuwa arba'in take fara magana. In aka buɗe fara ce tana ƙyalli kamar lu'ulu'u, har wani likitan Faransa na ƙarni na 19 mai suna Cruveilhier ya sa mata suna ƙari mai lu'ulu'u. Halinsu ma ba ɗaya ba, araknoid ture jijiyoyi take gefe kamar balan-balan, efidamoid kuwa bi take lungu-lungu tana naɗe su kamar yaɗon kabewa a kan danga. Wannan shokin na kumatunka jijiyar fuska ce ta biyar aka naɗe, haƙoranka bayin Allah basu ci ba basu sha ba.

Ba ciwon daji bace, amma ba kamar ta mijin Hajiyar Gusau ba, taka tana girma a hankali kuma ta riga ta taɓa jijiya biyu, don haka sai ka ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Akwai magani irin kabamazefin da ke lafar da shokin kafin nan, amma likita ne zai rubuta ya bibiye ka. A wajen aiki burin shi ne a kwashe har da ɓawon, in ɓawon ya manne da jijiya a kan bar ɗan kaɗan da gangan don kar a shanye maka fuska, sai a riƙa bibiya da hoto. Tana da 'yar'uwa damoid, ita a tsakiyar kai take zama, akwai kitse a ciki har da gashi wani lokaci, kitsen ne ke sa a gane ta nan take.

TAMBAYA: Likita ƙanena ne ɗan shekara 24 ya fara farfaɗiya kwatsam, aka yi hoto aka ga ƙananan jakunkuna guda huɗu da ɗigo a cikin kowace, likita yace wai tsutsar alade ce. Wlh ranmu ya ɓaci, mu gidan malamai ne, yaron nan ko hanyar da ake saida alade baya bi. Anya ba kuskure bane, ba irin araknoid ɗin nan bace? Daga Garwa, Kamaru.

AMSA: Malam ku sassauta wa likitan, bai zargi ƙanenku da komai ba, bayani ne bai cika ba. Araknoid kusan kullum ɗaya ce, daga wajen naman ƙwaƙwalwa, babu komai a cikinta sai ruwa. Ƙananan jakunkuna da yawa a cikin naman ƙwaƙwalwa kowace da ɗigo, wannan ɗigon kan tsutsar ne, kuma da wuya wani abu ya kwaikwayi wannan hoton. Sistisakosis ake ce masa.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Wanda ya ci naman alade da bai dahu ba shi tsila yake samu a hanji, doguwar tsutsar nan. Ita kuma tana zuba ƙwai a bayan gidansa. Wanda ƙwan ya shiga bakinsa, ta hannun mai abinci da bai wanke ba, ko ruwa, ko latas da kabeji da aka yi wa ban ruwa da ruwa mai najasa, shi ne ƙwan ke ƙyanƙyashewa a cikinsa ya bi jini ya je ƙwaƙwalwa ko ido ko tsoka. Kaga ba sai ka ci ba, ya isa ace wani mai tsilar ya taɓa abin da zaka ci. A 1992 an buga rahoton mutum huɗu a birnin New York 'yan gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, waɗanda su ma alade haramun ne a wurinsu, duk da wannan cuta a ka, bincike ya nuna ta hannun masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen Latin Amurka ta shigo. Kamaru kuwa tana cikin ƙasashen da aka san cutar sosai, musamman yankunan da ake kiwon alade a sake, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace a wuraren da cutar ta yi katutu kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sila. Tsilar naman shanu, wadda aka fi sani a wajenmu, ita bata zuwa ƙwaƙwalwa.

Tana jin magani, albendazol wani lokaci a haɗa da farazikwantel, amma dan Allah kar a je kemis a saya a ɗirka masa, tsutsar in tana mutuwa wurin kumbura yake, dole a haɗa da maganin kumburi da na farfaɗiya, a kuma duba idonsa tukuna. Akwai wani nau'inta da ke zama a ƙasan ƙwaƙwalwa cikin ruwa kamar nonon inabi babu ɗigo, wannan kam yana kama da araknoid har ya ruɗi ƙwararru. A gwada bayan gidan duk 'yan gidan da mai dafa muku abinci.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 9 ne, wata huɗu yana ciwon kai da amai, hannun hagu ya fara sanyi. Hoto ya nuna ƙatuwar jakar ruwa kamar lemu. Na ce ba za'a zuƙe da allura ba a huta da yanka? Likita yace ko kusa, wai haidatid yake zargi. Ni mahauci ne daga Agadas.

AMSA: Sarkin fawa ai kai ka fi ni sanin abin nan da ido. Ka tuna ƙullutun ruwan da kuke tararwa a huhu ko hantar raƙumi da tunkiya, ku yanke ku jefa wa karnuka? To shi ne. Kare ya ci, tsutsa 'yar mitsitsiya da bata wuce 'yan milimita ba ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa ya manne a gashinsa da ƙasar gida, yaro ya yi wasa da kare ya kai hannu baki. A mutum hanta ta fi zuwa, wajen kashi 70, sai huhu, ƙwaƙwalwa kashi 1 zuwa 2 ne kawai kuma yawanci yara. An santa sosai a Sudan da arewacin Afirka da yankin Turkana na Kenya, duk inda makiyayi da kare da dabba ke zaune tare.

A hoto ruwanta kamar na araknoid ne, amma ita a tsakiyar naman ƙwaƙwalwa take, kuma zagayayya ce sumul kamar an zana da bakin kofi, araknoid kuwa siffar lungun da ta samu take ɗauka. Likitanka ya yi gaskiya, ruwan cikinta cike yake da 'ya'yan tsutsa, in allura ta huda ya zube kowane ɗaya zai iya zama sabuwar jaka, kuma jiki kan iya yin mummunan bore nan take har numfashi ya tsaya. Yadda ake yi, a buɗe da faɗi, a riƙa tura ruwan gishiri a hankali tsakaninta da ƙwaƙwalwa har ta mirgino waje ɗungurungum kamar an ɓare dafaffen ƙwai, in ta fito bata fashe ba yara da yawa suna warkewa sarai. Kar a ja lokaci tunda hannu ya fara sanyi. A yi masa sikanin hanta da hoton ƙirji, sauran yaran gidan ma haka, kuma daga yau kayan ciki mai ƙullutu a ƙone ko a binne da zurfi, har da lokacin layya.

TAMBAYA: Ina da ciki wata biyar da rabi, mai sikanin yace akwai ruwa a bayan kan jaririn, ya ambaci Dandi-Woka ya kuma ce ko araknoid, a sake dubawa. Kuka kawai nake. Cikin fari ne. Daga zangon Kumasi.

AMSA: Amarya share hawayenki ki saurara, abu uku ne ke kama da juna a wurin nan kuma ba nauyinsu ɗaya ba. A ƙeyar kowane jariri akwai wani ɗan tafkin ruwa bayan ƙaramar ƙwaƙwalwa, faɗinsa baya wuce milimita 10. In ya wuce amma komai na ƙwaƙwalwar ya cika kuma ba abin da aka danne, sunansa mega sistana magna, faɗi ne kawai kamar a ce ɗakin wani ya fi na wani, in shi kaɗai ne yawanci yaro lafiya lau yake tashi. In jaka ce ta araknoid, ƙaramar ƙwaƙwalwar a cike take amma an turo ta gaba. Dandi-Woka shi ne mai nauyin, sunan wasu likitocin Amurka biyu ne, a nan tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwar ne bai gama ginuwa ba, na huɗu cikin ɗakunan ruwa da ke cikin ƙwaƙwalwa ya buɗe ya zama ƙaton buhu, kuma mafi yawansu ruwa kan taru musu a ka daga baya. Saboda haka tambaya ɗaya zaki yi wa mai sikanin na gaba, wanda ya kamata ya zama ƙwararre a hoton 'yan tayi: tsakiyar nan, wadda suke kira bamis, ta cika ko bata cika ba? A duba zuciya da sauran gaɓoɓi kuma.

In kuma kika ji an ce sist a koroid, wato wurin da ke samar da ruwan ƙwaƙwalwa, wani abu ne daban, ana ganinsa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100, in babu wata matsala tare da shi yakan ɓace da kansa kafin haihuwa. Ko wanne ne dai ki haihu a asibiti, a yi wa jariri sikanin ta maɗiga tun tana buɗe, a riƙa auna kansa da tef duk zuwa rigakafi. Kai mai saurin girma, maɗiga a kumbure, idanu suna kallon ƙasa, waɗannan ba na jira bane.

TAMBAYA: Likita wani abu ya ɗaure min kai. 'Yata da aka haifa bayan doguwar naƙuda, hannunta na dama a shanye, an ce tana da forensefalik sist babba amma ba za'a yi aiki ba. Ni kuma da na yi hoto saboda ciwon kai da ke sa ni durƙushewa, tawa koloid sist ce santimita 1 kacal amma an ce a yi aiki da wuri. Ba a juya lissafin ba kuwa? Daga Zariya.

AMSA: Alhaji lissafi daidai yake, ana zaton wuta a maƙera ne ta tashi a masaƙa. Ta 'yarka kududdufi ce. Ai ba ruwa ne ke haƙa kududdufi ba, ƙasa aka ɗebe ruwa ya zo ya cike ramin. Wani yanki na ƙwaƙwalwarta ne ya rasa jini wajen haihuwa ko kafin nan, ya mutu, jiki ya kwashe, ruwa ya maye gurbin. Shi yasa a hoto zaka ga ramin a cikin naman yake, sau da yawa a haɗe da ɗakin ruwa, kuma maimakon ya ture maƙwabta su ne ma ke zamowa wajensa, saɓanin araknoid. Irin wannan tabon ake gani a yara masu sikila da suka samu shanyewar ɓarin jiki. In ka zuƙe ruwan gobe ya dawo, naman da ya tafi kuma baya dawowa ta haka. Abin da zai amfane ta gashin ƙashi ne ba fashi, da maganin farfaɗiya in tana yi, da makaranta, ƙwaƙwalwar yaro tana da ban mamaki wajen koya wa wani ɓangare aikin wani.

Taka kuwa ƙarama ce amma a bakin ƙofa ta zauna. Ruwan da manyan ɗakuna biyu na ƙwaƙwalwa ke yi ta wasu 'yan ƙofofi yake fita zuwa ɗaki na uku, ƙofofin Monro, kuma koloid sist daidai nan take rataye kamar dutse a bakin kwata. Cikinta ba ruwa bane, wani abu ne mai kauri kamar majina, shi yasa a CT yawanci fara take fitowa ba duhu ba, ba'a ma cika ruɗa ta da araknoid ba. In ta toshe ƙofar ruwa na taruwa cikin sa'o'i, wannan ciwon kan da ke durƙusar da kai alama ce tana rufewa tana buɗewa, kuma an san tana kashe mutum farat ɗaya. Shi wancan Dandi ɗin da na ambata a sama shi ya fara cire ta lafiya a 1921, yanzu har da na'urar leƙe ta ɗan ƙaramin rami ake yi. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa nan kusa da kai a Shika, akwai a asibitin Malam Aminu Kano, akwai cibiyar Sakkwato da babban asibitin ƙasa na Abuja. Ka tafi da faifan hoton kansa ba takardar sakamako kaɗai ba, likitan tiyata da idonsa yake son gani, kuma kafin ranar in ciwon ya zo da amai ko gani ya dushe ko jiki ya saki, ko tsakar dare ne a wuce da kai sashen gaggawa, kar ka tuƙa da kanka.